Wadda Ke Jure Wuta

A Bradford, ran Talata, ana yayyafi,
na tsaya a kanti kamar mai zaɓen atamfa,
ina murza takardu da yatsa biyu.

Makon jiya na kwaso sitika mai araha,
tana sheƙi kamar sabon kwano.
Firinta ta haɗiye, ta yi shiru.
Gam ya narke mata a ciki,
sunan yajina ya manne a hanjinta,
ɗaki ya ɗau ƙaurin roba.
Fam arba'in Tomasz ya karɓa
kafin ya ciro shi da hantsaki.

Ya ce, wannan ba ta shan tawada,
gari take toyawa a kan takarda.
Nemi wadda ke jure wuta.

Na tuna Inna Tabawa a Funtuwa:
ba kowace tukunya ake ɗora wa murhu ba.

Yau na juya kwalin, na karanta bayansa sau biyu.
Ashirin da huɗu a shafi, farare, ba ƙyalli.

Kwalabe sittin na jirana a kicin,
jajaye, ba suna,
kamar jarirai kafin kwana bakwai.