Laka Ba Ta Mantuwa

Shekara tara ina lodin yashi a Majidun,
shebur ɗaya, tifa shida kafin la'asar.
Rasaki ke nutso da bokiti,
ya ɓace ƙasan ruwa har in ƙirga arba'in,
ya taso yana furzar da gishiri, yana dariya:
"Mantau, karɓi kuɗin tuwonka!"

Daren da kwalekwalen 'yan jari-bola ya kife
ba a rasa rai ba, muka ce an auna arziki.
Tsoffin ƙarafa ne, in ji su,
gadajen asibiti, injin da ya daina aiki,
da wani tulun dalma mai nauyin jaki
da aka riga aka fasa wa baki da guduma.
Ruwa ya haɗiye, ya yi shiru.
Da safe muka koma aiki.

Bayan wata biyar sai ga mutane cikin fari
har fuska, kamar gawa ta taso da likkafaninta.
Babbarsu mace ce, Dokta Aderinsola,
riƙe da ɗan akwati mai kukan gyare.
Ta miƙa shi ga iska: ƙyas. Can kuma, ƙyas.
Ta kai shi kan tulin da na yini ina tarawa,
ya ɓarke
kamar an yayyafa ruwa a tafasasshen mai.

Na ce, baiwar Allah, ni ban ga komai ba.
Na shinshina, ƙarnin kifi ne na kullum.
Ta ce wannan guba ba ta wari, ba ta launi,
ta sauka ƙasa ta kama laka
yadda baba ke kama zare a marina.
Na ce teku na kusa, ba zai wanke ba?
Ta ce ruwa baƙo ne, laka ce 'yar gida.
Shekara talatin, rabi ya huce.
Wasu talatin, rabin rabi.
Na lissafa da yatsu:
Ilu ɗana yanzu yake rarrafe,
zai yi furfura abin nan bai gama fushi ba.

Suka kafa allo rawaya
mai zanen baƙar fanka, kunnuwa uku.
Ƙaguwa ba ta yi boko ba,
tana shiga raminta tana fita.
Iya Mulika ta kashe wutar banda,
ta zauna kan kifaffen kwando.
Hannuwan Rasaki sun yi bororo
alhali bai taɓa wuta ba.
Gashinsa ya zauna a matashi ya bar kansa.
Na je duba shi a Idi-Araba,
ta bayan gilashi muka gaisa.

Amma ba wannan ke hana ni barci ba.
Tifa shida a yini, wata biyar.
Ɗari tara.
Direba ba ya rubuta adireshi.
Dokta ta ce in tuna, na tuna bakwai:
gidan bulo a Ogolonto, wani bene a Ketu,
katangar makaranta, na manta unguwar.
Sauran fa?
Wani ango ya shafa wa ɗaki shuɗin fenti.
Wata ta jingina gadon jariri da bango
don can ya fi sanyi.
Da hannuna na ɗora.

Sun karɓe shebur ɗina, shi ma yana kuka,
suka naɗe shi a leda kamar ɗan da bai zo da rai ba.
Da fiya-wata nake alwala yanzu.
Ƙasar da muke taimama da ita in ruwa ya ƙi,
yau ita ke neman mai tsarkake ta.

Inna ta raɗa mini Mantau
don ta manta ukun da ta binne kafin ni.
Da yamma ruwa ya janye,
lakar ta fito tana sheƙi, ba ta manta komai ba,
balbela na takawa a kanta
fara fat, tana tsintar abin kai wa 'ya'yanta.