Allurar da Ke Rawa a Sama

Nemesio ya sauko da jirgin ranar Talata,
ya turo shi har bakin rumfata kafin farfela ta tsaya.
Ya cire hula, ya ce, "Delfina, allurar mai tana rawa.
A ƙasa lafiya lau. Can sama, wajen ƙetare wuyan dutse,
sai ta kama kyarma, ta faɗi, ta tashi,
inji ya yi tari guda, ya haɗiye."

A El Alto muke, inda iska ba ta cika ƙirji,
baƙo ya hau bene uku sai ya nemi wurin zama.
Inji ma haka yake.
Shi ya sa aka ɗaura masa turbo,
hayaƙin da ya fitar ya juya masa ƙaramar fanka,
ita kuma ta tattaro iska ta ɗura masa.
Amma wanda aka ɗura wa iska, sai an bi shi da mai daidai.
Mai ya gaza, bawul ya ƙone ba sallama.
Mai ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi,
inji ya shaƙe kamar yaron da aka matsa wa cokali.

Na jona agogona a bayan famfo.
Na sa ya tayar, ya rage, ya taka har ƙarshe,
ƙura ta kori karen maƙwabta.
Lamba ta zauna inda littafi ya ce ta zauna.
Na wanke matata, na busa nozul shida ɗaya bayan ɗaya,
na zargi tururin fetur, na zargi zafin tiyo,
har na zargi idon Nemesio,
na ji kunya.

Kwana biyu buhunan dankali na jingine da bango,
akwatin maganin rigakafi na cin ƙanƙara,
malamin makaranta da za a kai gangare
yana zuwa kowace safiya da jakarsa, ya tsaya, bai tambaya.

Daren Laraba na tuno Hilarión, ubana,
wanda hannunsa bai taɓa rabuwa da warin giris ba.
Yakan ce, "Agogon nan ba ƙarfin mai yake faɗa miki ba.
Rara yake faɗa:
abin da ya saura wa mai bayan ya ture iskar da ke gabansa.
In allura ta yi ƙarya, tambayi ɓangare biyu."

Ni kuwa kwana biyu mai kaɗai nake tuhuma.

Na ɗauki tocila na bi layin iska,
siririn tiyo, bai kai ɗan yatsana ba,
ya lanƙwasa ta bayan silinda ta biyar.
Ido bai ga komai ba.
Na shafa ruwan sabulu, na hura,
ga kumfa ta tsiro, ɗaya, sai wata a gefenta.
Tsaga ce kamar gashin gira.
A ƙasa takan rufe bakinta,
sai an hau, iskar waje ta janye, sannan ta yi magana.

Kuɗin tiyon bai kai na abincin rana ba.

Da asuba Nemesio ya buɗe min ƙofar dama,
don wanda ya ɗaure noti shi ke fara hawa.
Muka tashi, gari ya koma tabarmar kwano,
ya ce, "Dubi Illimani, yau ba gajimare."
Ban duba ba.
Idona na kan allura,
ita kuma ta tsaya cak, kamar an zana ta,
har muka ƙetare wuyan dutse,
sannan na lura ina riƙe da sifana
tun daga ƙasa.