Gishirin Inna

Kwalbar gishirin makaranta ta ƙare tun zangon bara,
sai rubutun jikinta ya rage.
Malam Bappayo ya girgiza ta kusa da kunne
kamar mai tambayar kwakwa ko da sauran ruwa,
ya ce, wa ke da gishiri a gida?
Aji duka ya juyo ya dube ni.
Kowa a Kumo ya san tiren Inna
a bakin layin masu daddawa.

Washegari na zo da ƙulli biyu.
Inna ta ce bashi ne, gwamnati ta biya.

Babu gas, sai risho muka aro daga ɗakin malamai,
yana warin shayin safe.
Na zuba gishirin a tulun gilashi da hannuna,
shi ɗin nan da ke shiga miyar kuka,
shi ake barbaɗa wa ɗanyen mangwaro.
Malam ya ɗauko wata kwalba da hannu biyu,
ya ce, wannan yayan ruwan batir ne,
ba a gaisawa da shi.
Ɗigo, ɗigo.
Gishiri ya fara ƙunƙuni, ya yi kumfa,
wani abu da ido bai gani ba
ya bi bututun roba ya sauka.

Jauro ya leƙa da hanci,
ya dawo da hawaye da tari.
Ku buɗe taga! in ji Malam,
alhali tagar ba ta da gilashi tun zuwanmu.

A ƙarshen bututu mazurari ne a kife,
bakinsa na ɗan taɓa ruwa kawai.
Na tambayi dalili.
Ya ce, iskar nan ƙishirwa gare ta,
in ka ba ta ruwa ta siririn baki
za ta zuƙe shi har cikin tulu mai zafi,
sai mu kwashi gilashi a ƙasa.
Mai tsananin so, a ba shi fili.
Adda Kulu ta rubuta wannan a bayan littafi,
ba don jarrabawa ba.

Aka tsoma shuɗiyar takarda,
ta fito ja, kamar an faɗi sunan surukarta.
Aka kusanto da murfin amoniya,
farin hayaƙi ya tashi tsakanin kwalba biyu
ba wuta, ba ashana.

Ruwan kofin kuwa yana nan garau.
Da a kan randa na gan shi, da na sha.

Malam ya goge alli a gefen wando, ya ce,
irinsa na cikin kowannenku,
shi ke narkar da ɗumamen da kuka ci.
Na dafa cikina.
Na tuna Baffa da gyambon cikinsa,
yadda yake naɗewa a tabarma kafin asuba.

Da yamma Inna na ƙulla leda da haƙori.
Ta ce, me suka dafa da shi?
Na ce, ba abin ci ba ne.
Ta tsaya, ta dube ni.
To, ɗari ce, ta ce. Ki tuna masa.