Layi na Bakwai

Abarshi ya ce in wanke hannu tukuna.
Ranar farko ke nan, a shagon sono na Garkawa,
na zo da maiƙon kilishi a yatsu.
Ya ɗage zanen da ya lulluɓe tabul
kamar mai leƙa jinjiri yana barci.
Layi goma sha shida,
kowanne da sunansa a kan farin sikoc,
ban da na bakwai, da aka ɗaure wa baki.

Ya ce: Bas ganga ce, a ciki take zama.
Egu sarewa ce, ka take hawa.
Tsakaninsu ɗan Adam ke magana,
kar ka danne shi don ganga ta ji daɗi.

Gen kuwa igiyar guga ce.
Kai ɗan Adar ne, ka san zurfin rijiya:
ka sake kaɗan, ba ka taɓa ruwa ba,
ka sake da yawa, ka ɗebo laka.
In fitila ta yi ja, laka ce.

Na tambayi larsan, wannan ƙara mai tsaga haƙori.
Ya ce ba iskoki ba ne.
Mikro ne ya ji muryarsa a bafil,
ya maimaita, ya sake ji, ya sake maimaitawa,
har magana ta koma kururuwa.
Ka san mutane irinsa.

Da burushin aski nake bin maɓallai kowace safiya,
ina korar kiyashi daga ramukan jak.
Waya ba a naɗe ta a gwiwar hannu.
In kuran ya ɗauke aka tada gurup,
a jira muryarsa ta daidaita.
Ampli babban baƙo ne:
shi ke shigowa ƙarshe, shi ke fara tashi.

Na bakwai fa?
Kofin shayi guda, in ji shi, na uku, mai sukari.
Wa ya zubar? Ya ci gaba da goge fis.

Sai ranar kokawa a fili,
Tawa duk ta juye a kan benci,
makaɗa sun zuba, mai shela yana haɗiye mikro.
Na ji wani gurnani ƙarƙashin kiɗa,
zuuu, kamar rina a tulu.
Na dubi Abarshi. Fuskarsa lafiya lau.
Idonsa kan fitilu,
tafinsa shimfiɗe a gefen tabul,
yana sauraro da fata.

Ban ce komai ba.
Na rarrafa bayan akwatuna,
na sami wayar mas ta kuɓuce,
na ɗaure ta, rina ta mutu.

Da na miƙe yana kallona.
Ya cire kas daga wuyansa,
wanda kunnensa ɗaya ya sha ɗinki,
ya rataya mini, da ɗuminsa.

Da dare muna lodi a amalanke
ya ce: Shekara ashirin da uku kusa da bafil.
Kunnen hagu ya bi na bakwai tun bara,
na dama yana ɗaure kaya.
Shayin ma ni ne.

Yanzu ni ke ɗage zanen.
Jiya wani yaro ya zo neman aiki,
yana lasar yatsu.
Na nuna masa buta.