Awara Mai Zafi

A Chongqing, inda titi ke hawa kan titi
kamar jeren ƙore a ɗaki,
nake tuƙa babur mai caji,
akwatin abinci a bayana,
waya a ƙirjina tana ƙirga mini numfashi.

Minti tara, in ji wayar.
Bene hawa ashirin da shida.

Kakata Shufen, mai suyar awara a gindin matakalar kogi,
ta ce da ni wata safiya, tana juya kasko:
"Qiuyan, mai gaggawa ba ya cin awara mai zafi."
Na kece da dariya.
Na ce, Kaka, a zamaninku
wa ke zaftare wa mutum kuɗi don romo ya huce?
Ba ta tanka ba.
Ta soko guda a tsinke ta miƙo mini,
na jefa baki,
harshena ya yi kwana uku bai san gishiri ba.

Ban ji ba.
Ran da ruwa ya goce a gadar Jialing
na tsallake jar fitila saboda daƙiƙa arba'in.
Ban san sanda ƙasa ta taso ta same ni ba.
Taliyar wani ta watse a kwalta,
gwiwata ta juya inda ba a halicce ta ta juya ba.

Yayana yana Shenzhen.
Ya turo saƙo goma sha ɗaya da hoton fuska mai kuka.
Amma tsoho Pang, mai gyaran laima a ƙasan benenmu,
wanda shekara biyu ban ce masa sannu ba,
shi ya goya ni hawa shida
yana haki, yana zagin matakala.
Kaka ta dube shi, ta dube ni:
"Ruwan nesa ba ya kashe gobarar kusa."
Ta zuba masa shayi a kofin da take ɓoyewa don baƙi.

Wata biyu ina kwance a tsakar gidanta.
Akwai famfo da ke ɗiga tun kafin a haife ni,
ƙarƙashinsa dutse ya yi rami
daidai zaman ƙwan agwagwa.
Ban tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba.
Ta dai nuna mini da haɓa,
ta ci gaba da tace waken suya.

Yanzu na koma kan hanya.
Bashin babur yana raguwa ɗigo-ɗigo.
Wayar tana nan da halinta,
tana ihu kamar an taka mata wutsiya.

Jiya a gadar nan fitila ta yi ja.
Na sauke ƙafa.
Kogi yana wucewa a ƙasa, bai ko dubi agogo ba.
Na ciro ƙunshin da Kaka ta cusa mini a aljihu,
na hura sau uku,
sannan na ci.