Bashin Rana

Kududdufin bayan gidanmu a Auyo
ya ƙafe ƙaf.
Tasalla ta ce shanun Jauro ne suka shanye.
Ni kuwa na ga ɓarauniyar:
kullum da azahar rana na sunkuyowa,
tana ɗiba, ba guga, ba ƙwarya.

Ashe rance ne.
Tururin ya hau ba tsani,
ya ji sanyi, ya dunƙule
kamar saɓin audugar Kaka.

Ran nan gabas ta haɗe rai.
Kafin mu kwashe shanya
an biya bashin, har da ruwa.
Wani ya gangara kogin Haɗeja,
wani ya nutse
yana jiran gugan Tasalla a gindin rijiya.

Kwana kwaɗi suka yi suna ƙirga canji.