Tosh

Kakana Cyril Pettifer a bakin kogin Thames ya tashi,
a Rotherhithe, inda laka ke warin tsohon ƙarfe.
Kalma ɗaya ce a bakinsa kamar lofe,
ba ya ajiye ta sai barci:
tosh.

Ɗan siyasa ya buɗe baki a rediyo, tosh,
wato shirme, soki-burutsu.
Mai kawo gawayi ya ƙwanƙwasa ƙofa,
"Shigo, Tosh," wato abokina,
ga kujera, ga shayi.
Ina ƙarami na ɗauka zagin mutumin yake.

Ya ce kakan kakansa a ƙarƙashin Landan ya nemi abinci,
cikin magudanar ƙazanta,
fitila ɗaure a ƙirji, doguwar sanda a hannu,
yana laluben tagulla, ƙusa, cokalin masu kuɗi,
kwabon da ya suɓuce wa wani a sama.
Abin da aka tsinto, shi ma tosh.
Ɓeraye ne maƙwabta.
In ruwa ya ciko, ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Kakata Ishbel daga Arbroath take, can arewa,
inda suke busar da kifi da hayaƙi.
Ranar da suka fara haɗuwa ta dubi kwat ɗinsa,
wadda ya aro, ya goge har da gumi,
ta ce, "Tosh."
Mako guda yana kumburi.
Ashe a garinsu tsaf-tsaf ake nufi.
Shekara hamsin da ɗaya ba su gama wannan shari'a ba.

Maƙwabcinmu Ledbetter, malamin da ya yi ritaya,
ya taɓa zuwa da littattafai uku a hammata
don raba gardama.
Ya ce 'yan makarantar kwana bahon wanka suke kira haka,
ya ce wasu kuma sulai biyu da sisi,
guntun wata kalma mai dogon wutsiya.
Ko duk uwarsu ɗaya,
ko dai kama da wane ce kawai, ba wane ba?
Ya lashi yatsa, ya juya shafi,
ya karanta: asali, ba a tabbatar ba.
Kakana ya ce, "Tosh,"
ya ƙara masa shayi.

Ranar jana'iza ana yayyafi.
Fasto bai taɓa ganinsa ba,
amma ya ce mutum ne mai sanyin harshe,
bai taɓa musu da kowa ba.
Kakata tana duban akwatin,
yana ciki da kwat, nasa na kansa wannan karon,
ita ta goge da hannunta.
Leɓenta ya motsa. Ni kaɗai na ji.

Har yau ban san da wa take ba,
faston, ko kwat ɗin,
ko kiran mutumin take yi, ya shigo,
shayi na hucewa.